Saƙon da Bai Isa Ƙafata Ba

Ranar da na je gaida mahaifin Binta, yarinyar da nake nema, a ƙauyensu can bayan Ɗanbatta, na tsuguna gefen tabarma kamar yadda ya kamaci mai neman aure. Baba ya ce in hau in zauna, na ƙi, wai ni mai kunya. Sai ya tambaye ni me nake koyarwa a makaranta.

Nan kunyar ta gudu. Na nuna gawon da muke ƙarƙashinsa, na ce jikin mutum cike yake da ƙwayoyin jijiya masu kama da shi: rassa na karɓar saƙo, doguwar saiwa na miƙa wa na gaba, alhali ba sa ko taɓa juna. Iska na kaɗa karan dawa a hankali, ni kuwa har ina ganin 'yan fitilu suna gudu cikin jikina, daga ƙwaƙwalwa zuwa ɗan yatsa. Na manta a tsugune nake.

"Baba," na ce, "kafin ka ƙifta ido, ƙafa ta ji umarni."

Da ya sallame ni, na ba ƙafata umarni. Ashe tsugunon ya danne jijiyar, ta mutu murus. Na miƙe da ƙafa guda, na tafi luu, na zube cikin gyaɗar da Inna, matarsa, ta shanya.

Baba bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Sannu, Malam. Garin namu ne, saƙo kan makara a hanya."

An dai ba ni Binta, har mun tara 'ya'ya. Amma har yau, in na yunƙura zan tashi a gidan, sai Inna ta leƙo ta ce, "A kwashe shanya, Malam zai aika saƙo."