Farfesa Wanke-Hannu da Shafi na Biyu

Idan za a lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar tausayin talaka, a fara da Farfesa, sannan a zauna a huta, domin na biyu yana da nisa. Shi ne shugaban Cibiyar Binciken Shaye-shaye da Cututtuka Masu Yaɗuwa, kuma shi ya ƙara mata "da Daidaito a Harkar Lafiya" a wutsiyar suna, har sai da aka sake allo saboda tsohon ya yi kaɗan. Takarda sittin da huɗu ya wallafa a kan wahalar da marasa galihu ke sha kafin su ga likita. Babu wanda ya kai shi sanin wannan wahala, tun da shekara goma sha ɗaya ke nan yana kallonta ta tagar ofishinsa a hawa na uku, da labule a ɗan janye.

A gabansa ma'aikata suna kiransa Uban Daidaito. A bayansa kuwa Wanke-Hannu ne. Akwai 'yar kwalbar maganin wanke hannu a aljihunsa da yake ji da ita kamar turaren gado. In ya taɓa fayil ɗin da mara lafiya ya taɓa, sai ya wanke. In ya gaisa da wanda ya gaisa da mara lafiya, sai ya wanke. An ce ya taɓa wankewa bayan ya yi magana da wani mashayi ta waya, amma wannan mai yiwuwa sharrin masinja ne.

Baiwarsa ta biyu ita ce saurin karatu. Farfesa ba ya ɓata lokaci a kan takarda. Yakan ɗora yatsa ya bi layi, da ya iso inda sunansa yake sai ya tsaya, ya yi murmushi, ya sa hannu. Abin da ke ƙasa da sunan, a ganinsa, ƙarin bayani ne na ƙananan mutane. Ma'aikata sun daɗe da gano wannan. Mai neman hutun wata guda sai ya sa sunan Farfesa da duk digirorinsa a layin farko, ya ɓoye watan a can ƙasa.

A hawa na ƙasa, inda benci yake da warin jiki da tari, nan Sista take. Ita ce babbar nas. Shekara tara tana ɗibar jini, tana lallashin masu rawar jiki, tana cika alƙaluman da ke hawa bene su zama takardun Farfesa. Sunanta bai taɓa hawa tare da su ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Sista tana da abin da take ɓoyewa. Cikin masu zama a benci kowace Talata akwai wani dogo mai walda, wanda a fayil ake kira lamba ɗari biyu da goma sha biyu. Ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarfe ya taɓa faɗo masa a ƙafa, aka fara da allurar kashe zafi, aka ƙare da allurar da ake karɓa-karɓa a bayan gareji. A nan ya kwaso ciwon hanta. Wata bakwai ke nan da ya daina, amma cutar ba ta daina ba, farin idonsa ya fara komawa rawaya. Ranar da ta sa shi a rajista ta ja shi gefe ta ce, "A nan ba ni ce Yayarka ba, ka ji ko? Sista za ka ce kamar kowa." Ya ce to. Bai taɓa mantawa ba, kuma wannan rashin mantuwar ya fi komai ci mata rai.

Akwai maganin ciwon, ƙwaya ɗaya kullum har mako goma sha biyu, mutum ya warke sarai. Farfesa ya rubuta takarda bakwai a kan wannan magani. Cibiyar ba ta taɓa riƙe ƙwaya ɗaya ba.

Sai ga wasiƙa daga wata gidauniya, shafi biyu. Sakin layi na farko ya ce sun ji labarin ƙoƙarin Farfesa kuma za su kawo ziyara ranar Talata. Farfesa ya iso sunansa, ya tsaya, ya lumshe ido. Ya ba Sista ta yi kwafi ashirin a liƙa a kowace ƙofa, shafin farko kawai. Tana tsaye gaban injin ta karanta na biyu. Baƙin za su zo da kayan gwaji da kwalayen magani. Duk wanda aka samu a ɗakin jira ranar, aka gwada yana da cutar, za a ba shi na mako goma sha biyu cif. Abin da ya rage zai wuce wani gari a ranar.

Ta hau bene da gudu, abin da ba ta yi ba tun tana ɗaliba.

"Ranka ya daɗe, shafi na biyu..."

"Sista, ina karanta wasiƙu tun kafin ki san hannunki na dama. Zauna ki rubuta." Ya miƙe ya fuskanci taga, hannu a baya. "Manyan baƙi za su zo. Ba zan yarda su tarar da cibiyar daidaito tana wari ba. Mutanen nan na ƙasa, Allah ya sani ina ƙaunarsu, ƙuruciyata na ba su. Amma ranar Talata kada in ga ko ɗaya. A kulle ƙofa. A cika benci da mutanen kirki, direbana, sakatare, masinja, ƙannen maiɗakina. Su yi kamar marasa lafiya, amma masu tsabta."

"Ranka ya daɗe, ai gwaji za su..."

"Gwajin shugabanci, na sani. Na saba cinyewa."

Ya karɓi biron da ta riƙe, ya tuna daga ƙasa ta hau, ya zaro kwalba.

Sista tana iya tsayawa ta dage. Ba ta tsaya ba. Ta san nas ɗin da ta taɓa dagewa, yanzu tana sito tana jera safar hannu. Kuma in za a faɗi gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa, shekara tara tana kallo ana korar mutane daga ƙofar nan, wannan ba shi da katin shaida, wancan ba shi da adireshi, wancan ya zo da wari, ba ta taɓa hawa bene da gudu ba. Sai yau da abin ya zo kan jininta. Ta sauko a hankali, ta bi benci ɗaya bayan ɗaya tana raɗa wa mutane su zo ranar Talata ko da an kulle, su jira a bayan katanga, wajen ɗakin janareta. Abin da za ta yi da su daga nan, ita ma ba ta sani ba.

Ranar Talata da safe mai walda ya iso ya tarar da kwaɗo kamar kan jariri a ƙofa, Baba maigadi yana zaune a ciki da sabuwar hula.

"Baba, ni na yi wa ƙofar nan walda fa."

"To ai ka fi kowa sanin ba ta buɗuwa da magiya. Zagaya baya, ɗana, 'yan'uwanka suna can."

A ciki kuwa ɗakin jira yana ƙamshi. An goge benci, an kawo furen roba, an jera mutum ashirin da uku masu sheƙi. Direba ya sha guga. Babban ƙanen matar Farfesa, wanda wuyansa ya yi ninki uku, yana gwada tari a hankali don ya ji ko ya yi kama.

Baƙin ba su cika ido ba. Wata 'yar tsohuwar likita ce da takalmin roba, da ma'aikatan gwaji biyu, da kwalaye takwas. Farfesa ya sauko hawa na ƙasa, karo na farko a wannan shekarar, yana taka bene kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya yi jawabin minti hamsin.

"Ni idan na kalli mashayi, ba mashayi nake gani ba, ɗan'uwa nake gani. Na sha faɗa a manyan taruka, a ƙasashe goma sha huɗu, cewa cuta ba ta tambayar katin shaida, don me likita zai tambaya? A cibiyar nan babu ƙofa tsakanina da mara lafiya. Babu! Ku dube su. Kowane ɗaya na san shi kamar ɗan gidana."

Wannan dai gaskiya ya faɗa.

Tsohuwar likita ta jira ya sha ruwa, ta ce, "Madalla. To mu fara gwajin."

"Gwajin me?"

"Na jini. Yana shafi na biyu."

Farfesa ya juya ya kalli Sista. Sista ta kalli furen roba.

Aka fara da direba. Aka soki yatsan sakatare, ta yi ƙara kamar an yanka ta. Da aka zo kan surukin Farfesa mai ninkin wuya sai ya ɓoye hannu a hammata ya ce, "Ni fa zama kawai aka ce in yi." Aka dai soke shi. Cikin awa guda sakamako ya fito, mutum ashirin da uku, babu mai ciwon hanta ko ɗaya, babu mai tabon allura a hannu. Abin da aka samu kawai shi ne hawan jinin suruki.

A nan ne Farfesa ya nuna dalilin da ya sa ba kowa ke zama farfesa ba. Da wani ne da ya ji kunya. Shi sai ya buɗe hannuwa.

"Kin gani da idonki, Likita! Wannan shi ne amfanin bincike. Shekara goma sha ɗaya ina yaƙi da cutar nan, yau ga shi an nema an rasa. Ina roƙo a rubuta wannan yadda yake."

"Za a rubuta," in ji tsohuwar. Ta juya ga ma'aikatanta. "Ku mayar da kwalaye mota. Akwai garin da ba su kai nan sa'a ba."

Sista ta ga an ɗauki kwali na farko. Ta ga na biyu. Ta tuna sito da safar hannu. Ta tuna yadda sakatare za ta riƙa kallonta, da yadda labarin zai riga ta isa gida wajen dangin mijinta, waɗanda ta gaya wa ƙanenta yana aiki a wani gari. Kwali na biyar yana bakin ƙofa ta ji muryarta ta fito.

"Likita, ƙanena yana bayan katanga."

Har tarin suruki sai da ya tsaya.

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Allura ya yi, ya daina, hantarsa tana lalacewa. Shi da mutum arba'in suna wajen janareta tun da sassafe. Su ne marasa lafiyarmu. Waɗannan dangi ne."

"Sista tana fama da gajiya," in ji Farfesa da muryar tausayi. "Na daɗe ina cewa ta ɗauki hutu."

Tsohuwar ba ta ko dube shi ba. Ta tambayi Sista ta ina ake zagayawa. Baba maigadi ya fara laluben makulli yana satar kallon Farfesa, tsohuwar ta ce ya bar shi, ba sai an wahalar da kwaɗo ba, a buɗe musu ƙaramar ƙofar baya su fita da teburi.

A gindin katanga aka yi aikin, cikin ƙarar janareta da hayaƙinsa. Mutum arba'in da ɗaya aka gwada, talatin da ɗaya suna da cutar. Sista ce ke riƙe yatsu. Da layi ya zo kan mai walda, aka miƙa masa kwalaben mako goma sha biyu, ya rungume su a ƙirji, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Sista."

"Wace Sista? Ka ce Yaya, mara kunya, ai na riga na tona mana asiri."

A can hawa na uku labule ya ɗan motsa. Uban Daidaito yana tsaye yana lura da aikin, yana murza hannu.

Kafin mako ya zagayo an mayar da Sista sito. Ta jera safar hannu wata shida. A wata na shida aka sake gwada ƙanenta, babu cutar, idonsa fari tas. A watan ne kuma rahoton gidauniya ya iso. Layin farko ya ce, "A duk tafiyarmu babu wanda ya koya mana darasi kamar Farfesa," sai sunansa cikakke da digirorinsa. Farfesa ya ɗora yatsa, ya iso, ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a faɗaɗa shafin ya kai girman ƙofa, a sa masa gilashi da firam na ƙarfe, a kafa a ɗakin jira don talakawa su san wanda ke wahala dominsu. Ya tambaya ko akwai wanda ya san mai walda na kirki. Daga sito Sista ta aiko cewa ta san wani.

Rahoton yana nan har yau, saitin benci. Waɗanda suka iya karatu suna karanta wa waɗanda ba su iya ba, kuma su ba sa tsayawa a suna. Sukan ci gaba zuwa inda aka ce, "wanda ya nuna mana cewa abin da ke raba mara lafiya da magani ba kullum talauci ba ne ko jahilci. Wani lokaci shugaban cibiya ne da kwaɗo."

Farfesa yanzu yakan sauko kowace safiya, ya tsaya gaban rahoton, ya karanta zuwa inda ya saba, ya gyaɗa kai, ya koma sama. Marasa lafiya suna miƙewa su gaishe shi da fara'ar da ba su taɓa yi masa ba, shi kuma ya ɗauka ƙauna ce. Wataƙila wata rana yatsansa ya zame ya gangara layi na biyu. Mai walda ya yi tunanin wannan ranar tun yana aikin. Irin waldar da ya yi wa ƙofa ya yi wa firam ɗin, kusurwa huɗu, har cikin ƙarfen bango. Ba ya ciruwa da magiya.