Dattijon da Na Gaishe a Gidan Tarihi

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da na yi Legas don ɗauko 'yar ƙanena ba, kuma ko na so mantawa, dangi ba za su bari ba.

Ni malamar firamare ce a nan Bauchi, a unguwar Ɗan Iya nake zaune, kuma duk yaron da ya bi ta ajina ya san dokata: ba a wuce babba ba a gaishe shi ba. Ina iya yi wa yaro uzuri a lissafi, amma ban da gaisuwa. To ƙanena Kabiru aiki ya kai shi Legas tun da jimawa, can ya haifi 'ya'yansa. Babbarsu ita ce Ummi, sunan marigayiya mahaifiyarmu aka sa mata. Duk sanda na kira waya, sai yarinyar nan ta ce min, "Gwaggo, ya kike?" Ya kike! Sai ka ce ƙawarta. Na zauna ni kaɗai na yanke hukunci cewa Legas ta ɓata takwarar mahaifiyata, zan je in ɗauko ta ta ƙarasa sakandare a hannuna. Har maƙwabta na sanar kafin in tafi (ku lura, ba wanda ya tambaye ni).

Kabiru ba ya iya musu da ni, don ni na goya shi. Da na isa Legas na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya sosa ƙeya ya ce, "To Yaya, bari mu gani." Matarsa Rabi ta shige kicin, na ji ƙarar tukwane ta ƙaru. Idon Ummi ya kaɗa ya yi ja. Ni kuwa ko a jikina, ai gyara na zo yi.

Ranar Asabar, don a ɗan saki jiki, Kabiru ya ce zai zagaya da ni gidajen tarihi na birnin. Muka fita mu huɗu. Na farko kayan sassaƙa ne da na tagulla, na biyu kuma zane-zane ne waɗanda har yau ban gane samansu da ƙasansu ba. Ni dai ba tarihi nake kallo ba, hujja nake tarawa. Duk matashin da ya gifta mu bai gaishe ni ba sai in taɓo Kabiru in ce, "Ka gani ko? A nan kake so ta tashi?"

A gida na uku aka karɓi jakunkunanmu a bakin ƙofa aka ajiye. Sai da muka yi nisa na tuna tabarauna yana cikin jakar. Rabi ta ce ta koma ta karɓo min, na ce ta bar shi, idona garau yake (ba garau yake ba).

Can ciki muka shiga ɓangaren Arewa. An gina wani zaure irin namu na da, fitilar wurin ba ta da haske sosai. Ga tabarma, ga buta, ga alluna a jingine. A tsakiya kuma, kan buzu, wani dattijo ne zaune da babbar riga da rawani, carbi a hannunsa, kansa a ɗan sunkuye. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Tun da na zo garin ban ga fuskar da ta yi min kama da gida ba sai shi. Na ɗauka shi aka ajiye yana ba baƙi labarin wurin.

Sai ga Ummi ta wuce ta gabansa da takalmi, ko kallon arziki babu, ta ma ciro waya za ta ɗauke shi hoto.

"Ke Ummi!" Muryar da nake tsawatar wa 'yan aji shida da ita ce ta fito. "Haka ake yi? Sa'an kakanki ne wannan. Zo nan!"

Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin igiyar da aka gitta, na ce, "Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Ina gajiya? Daga Bauchi muke."

Shiru. Ban damu ba, na juyo na yi wa su Kabiru bayani ƙasa-ƙasa cewa Malam lazimi yake yi, ba a katse shi, jira ake. Na ci gaba da durƙuso. Kabiru ya buɗe baki ya rufe, sannan na ga ya zagaya bayan wani ginshiƙi.

Ummi ta cire takalminta, ta gyara mayafi, ta zo ta durƙusa kusa da ni. Ta ce, "Baba, ina wuni," da ladabin da ban taɓa ji a bakinta ba. Sannan ta matso kunnena ta raɗa, "Gwaggo, ba mutum ba ne. Mu tashi a hankali kamar tabarmar muke dubawa."

"Kul!" na ce da ƙarfi. "Kar in ƙara jin wannan rashin kunyar."

Ban rufe baki ba wata ma'aikaciya ta tsallako igiyar da tsumma a hannu. Ta ɗaga rawanin dattijon gaba ɗaya kamar murfin tukunya, ta goge masa kai, ta goge hanci, ta mayar. Bai ko motsa ba.

Na waiwaya. Ashe ɗaliban wata makaranta sun cika bayanmu tare da malamansu, duk sun zuba mana ido. Zufa ta keto min har tafin ƙafa.

Ummi ce ta miƙe ta fuskance su, ta yi musu bayani da Turanci cewa gwaggonta malama ce daga Arewa, tana nuna yadda ake gaishe da manya a can. Yaran suka hau tafi. Wata malama har ta roƙi in maimaita don na baya ba su gani ba. Na maimaita, jama'a. Me zan ce?

A mota kafaɗun Kabiru sai rawa suke a kan sitiyari, yana danne dariya. Rabi ba ta yi dariya ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Na saci kallon Ummi. Yarinyar da na zo raba ta da uwarta, ta samu damar da za ta bar ni in sha kunya ni kaɗai, amma ta gwammace ta durƙusa wa mutum-mutumi tare da ni. Kunya ta kama ni fiye da ta cikin zauren.

Na ce, "Kabiru, yarinyar nan ta ci gaba da karatunta a nan."

"To Yaya," in ji shi, da ƙyar.

Ni kaɗai na dawo Bauchi. Tun daga nan na daina auna tarbiyyar 'ya'yan mutane ta waya. Gaisuwa kuwa ban fasa ba, sai dai yanzu in na ga dattijo zaune shiru, nakan tsaya ya ƙyafta ido tukuna.