Matakai Bakwai na Zama Gwanin Lofe a Gindin Gawo

Kai da ka ga dattawa suna busa hayaƙi a inuwa ranka ya biya, matso kusa. Ni ne Hambali na Bande. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina riƙe da lofe, wato ƴar tukunyar nan ta shan taba mai dogon wuya, kuma na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan bi da bi, sai an nuna ka da baki an ce ga gwani. Ban taɓa koya wa wani ya kasa ba, don kai ne na farko.

Abu guda ka riƙe tun yanzu. Ba a shan lofe a kaɗaice. Abin da ake nema a cikinsa aboki ne da rabin tabarma. Nawa abokin sunansa Inuwa, yana kiwon shanu yana noma, gonarsa na iyaka da tawa, kullum bayan la'asar muna gindin gawon da ke tsakaninmu. Bara saura ƙiris in rasa zaman nan, za mu zo wurin.

Mataki na ɗaya: Fara da tabar da ke ƙanshin alewa

Aro lofe, kada ka saya, don ba ka san ko za ka kai labari ba. Zuƙar farko za ta shaƙe ka, idanunka su kawo ruwa. Kada ka yi tari a gaban mutane. In ya ƙwace maka, ka ɗora wa yajin tuwon jiya. Ranar da Inuwa ya fara miƙo mini nasa, saniya ɗaya ce ɗaure a turke, ni kuwa uku na gani, har na yi masa barka da ƙaruwa.

Daga nan ka gudu ka nemi mai sanyi, irin wadda ake shigowa da ita daga Najeriya a leda mai zanen mangwaro. Sabon shiga zaƙi yake bi. Sha abinka, ka riƙa ba kowa labarin daɗinta. Za a yi maka dariya a bayan ido, wannan ma yana cikin karatun.

Mataki na biyu: Raina abin da ka sha jiya

Bayan damina biyu harshenka zai yi kanta. Lokaci ya yi da za ka koma baƙar tabar gida, wadda in aka buɗe ta kaji ke barin wurin. Daga ranar, duk wanda ka gani da mai ƙanshin alewa ka dube shi da tausayi, ka tambaye shi ko an yaye shi.

Ranar kasuwar Dungas ka hau kabu-kabu ka je rumfar mai taba. Ɗauki kaɗan, murje da yatsu, shinshina, ka girgiza kai ka ce, “Wannan ta sha ruwa da yawa.” Ni ma ban san ma'anarsa ba. Wurin Inuwa na ji, shi kuma ya ce wurin kawunsa ya ji, amma ban taɓa ganin mai tabar da ya musa ba.

Mataki na uku: Rabu da ashana

Ashana ta koyo ce. Gwani da garwashi yake kunna lofe, kuma da yatsu yake ɗauko shi daga murhun mai shayi, yana tafe yana gaisawa da mutane kamar goro ya riƙo. Zafin yana nan, fuskar ce kawai ake hana ta faɗa.

Rigunanka za su cika da huji. Ka tanadi amsa tun kafin a tambaye ka. Ni na gaya wa matata Ɗela ɓeraye ne, ta ce to a yi wa gidan addu'a, tunda ɓerayenmu sun fara yawo da wuta. Kada ka yi irin tawa. Kuma ko mene ne ya same ka, kada ka zauna kusa da rumbun hatsi ko tarin harawa, don a nan wasa ya ƙare.

Mataki na huɗu: Tara da yawa, ka koma guda

Akwai shekarun da za ka haukace da tara lofe. Na yumɓu, na ƙarfe, na icce mai baki da azurfar ƙarya, da wani wanda aka rantse maka daga Agadas ya zo. Ka jera su a ɗaki, ka ware na Juma'a da na ranar suna. A ƙarshe duk za ka watsar, ka koma wa tsohon nan mai tsaga wanda ka ɗaure da zaren buhu. In an tambaye ka dalili, ka ce shi ya san bakinka.

Mataki na biyar: Bar lofe ya yi maka magana

Yanzu ka kai inda ake cin riba. Mai lofe a baki ba a matsa masa ya ba da amsa. Wata rana shanun wani suka shiga waken wani, aka kawo maganar gindin gawo, wai mu dattawa mu raba. Na zazzage lofe, na ɗura, na danna, na kunna, ya mutu, na sake kunnawa. Kafin in yi zuƙa ta uku sun gaji da jira sun shirya da kansu, har sun yi musafaha. Tun daga ranar ake cewa Hambali akwai zurfin tunani, alhali har yau ban gane shanun wa ne ba.

Da aboki kuwa shirun ya fi haka daɗi. Ni da Inuwa mukan zauna daga la'asar har rana ta yi ja, ba mu ce komai ba ban da sallama da sai gobe. In muka tashi sai in ji kamar mun tattauna duk abin da ke duniya.

Mataki na shida: Zargi mai taba

Wannan matakin ba ka zaɓarsa, shi ke zuwa. Bara da kaka tari ya kama Inuwa, ya ƙi sakinsa. Ƴaƴansa suka kai shi likita a Magarya. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya saurari ƙirjinsa ya ce ya rabu da taba, kuma ko hayaƙin wani kada ya sake ya shaƙa. Inuwa ya dawo bai ce mini in bari ba, ba halinsa ba ne ya roƙi mutum abin da zai yi masa nauyi. Sai kawai ya daina zuwa. Ina hango shi a gonarsa, ya ɗaga mini hannu, ya kora shanunsa gida.

In haka ta same ka, ka ci gaba da zama kai kaɗai, ka nuna ko a jikinka. Za ka ji tabar ta koma dusa a bakinka. Laifin mai taba ne. Koma Dungas ka yi masa faɗa, ka sake wani, shi ma ka yi masa faɗa. Ni sai da na bi uku. Gaskiya kewa ce ke cina, amma namiji mai shekaruna ba ya faɗin haka, sai dai ya riƙa tsawata wa awaki.

Ɗela ce ta gaji da ni. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Malam, tabar nan lafiyarta lau. Rabin tabarmar ne ba kowa.”

Na ce mata mace ba ta san sha'anin taba ba. Ta ce haka ne.

Mataki na bakwai: Tabar manyan gwanaye

Ɗauki lofenka ka ƙwaƙule shi tas. Wanke shi da ruwan zafi da toka, ka shanya kwana uku har warin ya fita. Kwanakin nan za ka ji haushin kowa, har da zakaran maƙwabta, ka daure. Sannan ka je inda kuka saba, ka shimfiɗa tabarma, ka zauna ta inda za a hango ka, ka sa lofen a baki ba wuta ba taba.

Da na yi haka, ranar farko Inuwa ya tsaya daga nesa yana kallo. Ta biyu ya matso har bakin iyaka, ya yi kamar wata ƙaya yake cirewa. Ta uku ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana shinshina iska.

Ya ce, “Hambali, lofenka ya mutu.”

Na ce, “Na sani.”

“Tabar ce ta ƙare?”

“Sabuwa ce na samo. Ba ta hayaƙi, sai manyan gwanaye ke iya ta.”

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya zuƙi iska, ya lumshe ido, ya riƙe ta a baki yadda ake yi wa ta ƙwarai, sannan ya busar a hankali. Ya ce, “Ta yi. Matsa can, duk ka cinye tabarmar.”

Na matsa. Idanuna suka ciko, na juya kai ina duban shanu. Ranar ma ba mu ce komai ba har rana ta faɗi, kuma ban taɓa shan taba mai daɗin ta ranar ba.

Sanarwa

Hambali ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan karanta wannan: baƙin haƙori, faɗan cikin gida, ko hararar liman ranar Juma'a. Wanda ya bi matakai shidan farko ya ji a ƙirjinsa, ya kuka da kansa, ni ban aike shi ba. Wanda kuma ya yi wayo ya tsallake kai tsaye zuwa na bakwai, ya riga ni da shekara talatin, ban yafe ba. Mai ƙorafi ya same ni a gindin gawo bayan la'asar, amma ya kashe wutarsa tun daga hanya, don Inuwa yana zaune.