Yadda Ake Tatso Kukan Jitar Zamaninmu Daga Cikin Kwamfuta

Kai mai son jitarka ta yi kukan kiɗan fonk irin na zamaninmu, matso kusa. Bi matakan nan yadda na jera su, in ba ka samu ba ka zo ka aske min gemu. Ban taɓa zama a aji ba, amma lantarki ya ja ni sau uku a kan dandamali, na faɗo daga bayan babbar mota rungume da lasifika, ga ni nan ina cin abinci da haƙorana. 'Yata mai ɗakin ɗaukar sauti ce ke rubutawa, na kuma hana ta gyara min magana.

Mataki na ɗaya: Samu maƙiyi

Ba a neman sauti haka kawai. Nawa maƙiyin shi ne Guduma, makaɗin gangar ƙungiyarmu ta da. Shekara arba'in yana cewa kukan jitata a tsohon faifanmu aikin akwatin lasifika ne, yatsuna rakiya suka yi. Ran nan ya maimaita a ƙofar shagon aski, inda muke zama kullum da yamma, inda kuma kujera mai majingina ɗaya ce tak, tawa.

Na ce, "Ba ni kwamfuta, babu tsohon akwati, in fitar maka da shi."

Ya ce, "In ka kasa, kujera ta zama tawa. Ka koma benci da ciwon bayanka."

Mai aski ya zama shaida. Aka sa ranar Alhamis.

Mataki na biyu: Raina kwamfuta tun daga ƙofa

Za a nuna maka hotunan amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, har ɗari biyu a allo, kowace da akwatinta, a ce duk muryarsu na ciki. Kada ka yi mamaki a fili. Ka ce ka taɓa ɗaukar kowace a ka. Na'ura kamar jaki take, tana gane mai tsoronta.

Mataki na uku: Murɗa abin murɗawa

Rage ƙugi, ƙara tsini, kada ka bar amfilifaya ta yi gurnani da yawa. Hannun hagu ya danne wayoyin jita kamar mai toshe bakin magulmaci, na dama ya yi ta susa ba tsayawa. Ƙafarka a kan abin takawar nan mai sa jita cewa wawa-wawa.

Na yi duk wannan kwana biyu. 'Yata ta sa tsohon faifai, ta sa nawa sabo, ta cire abin kunne.

"Baba, wannan kamar sauro a cikin gwangwani."

"Kwamfutarki ce ba ta da tarbiyya."

"Saura amfilifaya huɗu ba mu gwada ba."

Muka gwada su. Sauro ya zama huɗu.

Mataki na huɗu: Yi ha'inci, amma na ilimi

A nan 'yata ta gaya min ana iya ɗauke muryar akwati na gaske a zuba a kwamfuta. A sa makirufo a gabansa, a tura masa wani fito daga ƙasa zuwa sama, na'ura ta haddace yadda ya amsa. Na ce ai mun yi da Guduma babu tsohon akwati. Ta ce ta sani. Na yi nazari, na ga ba mu yi da shi cewa babu muryar akwatin ba. Mai hankali yana sauraron sharaɗi da kunne biyu.

Mataki na biyar: Nemi izini wajen mai akwatin

Kana zaton naka ne. Nawa yana bayan ɗakin girki shekara goma sha biyu, bayansa a buɗe, uwargida ta zuba ciyawa a ciki, jar kazarta na kwance kan ƙwai tara.

Ta ce, "Malam, wanda ya taɓa kazar nan ya nemi mai dafa masa abinci."

"Minti biyar kawai, uwar yara. Mutuncina ne."

"Mutuncinka yana ƙyanƙyasa?"

Sai da 'yata ta sa baki uwargida ta yarda, da sharaɗin ita za ta riƙe kazar a cinya, ƙwai a kwando a lulluɓe. Muka jawo waya ta taga, muka share, muka tura fito. Na kaɗa. Sauti ya fito fanko, kamar ana magana a cikin randa.

Mataki na shida: Mai da kaza

Uwargida ta ce lokaci ya cika, ta mai da ciyawa, ƙwai, da kaza. 'Yata ta ce bari ta ƙara gwadawa sau ɗaya a hankali kafin ta naɗe waya. Kaza ta harari makirufo, ta yi ƙus sau ɗaya, ta gyara kwanciya.

Na kaɗa. Sai ga kukan tsohon faifanmu. Shi ne, har da ɗan kaifin nan mai shiga haƙori. Sai na tuna a zamanin yawo cikin akwatin muke cusa rigunan wasanmu don ba mu da jaka, ba mu kuma taɓa fitar da su duka ba. Ashe ciki yake so a cike. Wannan ilimi ne da na daɗe da sani, mantawa kawai na yi.

Mataki na bakwai: Karɓi nasara da kunya kaɗan

Ranar Alhamis Guduma ya zo ɗakin 'yata da mai aski. Na kaɗa ta kwamfuta, babu akwati ko na ashana a ɗakin. Ya rufe ido, ƙafarsa ta fara buga ƙasa ba da izininsa ba.

Ya ce, "Shi ne, tsohon banza. Amma me ke yin ƙus a wutsiyar kowane bugu?"

Na ce, "Yatsa ne. Sai ka shekara hamsin."

Ya miƙo hannu. Kujera ta tabbata tawa.

Mataki na takwas: Biya mai riƙe sirri

Ƙwai bakwai suka ƙyanƙyashe lafiya. Uwargida ta ce biyun da suka lalace fitona ne ya kashe su, kuma bakinta yana ƙaiƙayi duk sanda ta ga matar Guduma. Maganin ƙaiƙayin shi ne in riƙa tsaron 'yan tsaki daga shirwa, kullum da yamma, har su girma. Na ce yamma lokacin zaman shagon aski ne. Ta ce ta sani.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi wannan hanya kaza ta tsattsage shi, ko lantarki ya gaishe shi, ko matarsa ta daina zuba masa nama, babu ruwana, ban san shi ba, ban ma iya rubutu ba balle a ce ni na rubuta. Mai ƙorafi ya same ni bayan ɗakin girki, ina kan bulo da sanda a hannu. In kuma ka bi ta shagon aski ka ga Guduma ya jingina, ka gaya masa aro na ba shi.