Motar Da Ta Riga Mu Isa Filin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Baba da Inna za su tafi Umara ba. Ko ni na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bari ba, don duk taron suna ko biki sai wani ya tono zancen.

Mahaifina mahauci ne, ɗan mahauci. Ya fi shekara arba'in yana sammako zuwa Kara ya sayo dabba, ya yanka, ya tsaya a rumfarsa har la'asar. Da abin da wuƙarsa ta samo ya sa mu makaranta mu shida. Bai taɓa hawa jirgi ba, Inna kuwa iyakar tafiyarta Gusau. Da Allah ya nufa muka haɗa hannu muka biya musu Umara, sai aka raba aiki a tsakaninmu. Wani ya ɗauki takardu, wata ta ɗauki ɗinki, wata guzuri. Ni kuma na buga ƙirji na ce a bar mini zancen motar da za ta kai su filin jirgi.

Ni ce 'yar bokon gida, ina aiki a ofis da kwamfuta a gabana. (Gaskiya rabin aikin buga wasiƙu ne, amma Inna na gaya wa maƙwabta cewa ni ke riƙe da ofishin, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.) Burina iyayena su fita daga layinmu na Gidan Igwai cikin mota mai sanyi, baƙa wuluk, irin wadda direba ke zagayowa ya buɗe maka ƙofa. Ina so maƙwabta su gani. Kuma tunda yau faɗin gaskiya na zo yi, ina so su san wa ta kawo motar.

Saura sati ɗaya tafiya, Kawu Ummaru, ƙanen Inna, ya zo gaisuwa. Kawu yana da wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya wadda yake ɗaukar tumaki da fatu da ita. Ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta, kuma tun daga bakin titi za ka ji zuwanta, da kunne da hanci. Yana shan fura ya ce wa Baba, "Ranar tahiya ni za ni kai ku. In wanke ta tas, in shimhiɗa tabarma."

Kafin Baba ya buɗe baki na riga shi. "Haba Kawu, ɗakin Allah za su, ba kasuwar ƙauye ba. So kuke su shiga jirgi suna warin bunsuru? Ku bar motarku ta huta, na riga na shirya."

Inna ta mintsine ni a cinya. Kawu ya aje ludayi a hankali, ya yi murmushi, ya ce, "To, Malama." Tun ina ƙarama ɗiyata yake ce mini. Duk ranar da ya ce Malama, to maganar ta taɓa shi. Na sani sarai, amma na basar.

Washegari a ofis na nemo wani kamfanin hayar motoci da ake cike buƙata ta waya. Takardar da Turanci take, ga wurin suna, ga wurin rana da lokaci, sai wasu gurabe biyu: inda za a ɗauki mutum da inda za a sauke shi. Na cike su ina cin gyaɗa, ina kuma hira da abokiyar aikina a kan ankon wani biki. Ko minti biyu ban yi ba. Suka turo mini hoton motar da sunan direba, Malam Bashiru. Hoton nan babu wanda bai gan shi ba a danginmu. Har mai kawo mana ruwa sai da na nuna wa.

Ana gobe tafiya direban ya kira ni, da ladabinsa.

"Hajiya, na ga kin sa ƙarhe takwas na sahe. To na duba, ban ga jirgin da..."

"Malam, ina ruwanka da jirgi? Kai dai ka kawo mota ƙarfe takwas inda na rubuta."

"To Hajiya, amma dai ina son in tabbata ko..."

"Ka iya karatu?"

"Na iya, ranki ya daɗe."

"To ka bi abin da ke rubuce."

Na kashe waya ina jin kaina kamar wata shugabar ma'aikata. Har na ce wa ƙanwata mutanen nan in ba ka nuna musu ka san abin da kake yi ba, sai su raina ka.

Jirgin ƙarfe goma zai tashi zuwa Abuja, inda za su haɗu da sauran ayarinsu su wuce Jidda da yamma. An ja mana kunne cewa ƙarfe tara da kwata ake rufe karɓar kaya, kuma wanda ya rasa wannan jirgin ya rasa ayarin gaba ɗaya. Tun bakwai da rabi gidanmu ya cika. Mahauta abokan Baba sun jeru a kan benci a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, limamin unguwa ya zo yin addu'a. Baba ya sha farar shadda, sai duba aljihunsa yake yi yana taɓa carbi. Ni kuma na ci leshina mai ruwan zuma wanda nake ajiya don manyan bukukuwa, na riƙe jakar fasfo a hammata.

Takwas saura minti biyar waya ta yi ƙara. "Hajiya, na iso. Ina bakin ƙohwa."

Na ɗaga murya yadda har na cikin ɗaki za su ji, na ce a fito da kaya, mota ta iso. Liman ya shafa fatiha, Inna ta fara hawaye, aka ɗauko akwatuna, muka fito gaba ɗaya kamar rakiyar amarya. A ƙofar gida babu komai sai wata akuya da keken mai gyaran takalmi.

Na ce ƙila ya tsaya a bakin titi, layin namu ƙunci gare shi. Na kira shi.

"Malam Bashiru, wace ƙofa kake?"

"Babbar ƙohwa, Hajiya, inda mutane ka hitowa."

"To ai ga mu mun fito. Kana ganin mutane da akwatuna?"

"Ina ganin su."

"Akwai dattijo mai farar shadda?"

"Akwai su kamar ukku."

"Ga darbejiya a gefe?"

"Ga ta nan, a inuwarta ma na aje mota."

Na taka har bakin titi da dogon takalmina, na duba gabas na duba yamma. Keke-napep da ƙananan bas sai wucewa suke yi, babu baƙar mota ko ɗaya. Na dawo ina gumi. Lokaci na tafiya, mutane sun fara kallon juna. Wani abokin Baba ya ce a hankali, "Ko dai 'yan damhwara na?" Wannan kalmar ce ta tunzura ni. Na ce a raina bari kowa ya ji da kunnensa cewa sakarcin direba ne, ba nawa ba. Na tsaya a tsakiyar jama'a, na buɗe lasifikar waya, na ɗaga ta sama.

"Malam, ka daina wasa da hankalin mutane. Ga dattawa nan suna jin ka. Karanto abin da na rubuta, kowa ya ji."

Ya yi gyaran murya. Tsit aka yi, har akuyar ta daina tauna.

"Inda za a ɗauka: filin jirgin sama. Inda za a sauke: Gidan Igwai, layin mahauta, gida mai koren ƙyaure. Hajiya, abin da nis so in tambaye ki jiya ke nan, don babu jirgin da ka sauka ƙarhe takwas. Kinka ce in bi abin da ke rubuce. Yanzu haka ina nan tsaye da allo mai sunan Alhaji."

Kamar don kada wani ya yi shakka, sai ga muryar mai sanarwa ta filin jirgi ta fito raɗau daga wayar tawa.

Hannuna na sama da waya, na kasa sauke shi. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa. Inna, wadda ta shekara biyar tana cewa ni ke riƙe da ofis, ta ja mayafi ta rufe baki. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma ƙasar Sakkwato tauri gare ta.

Takwas da minti ashirin da biyar ta yi. In direban ya taso daga bayan gari ya ratso cunkoson safe ya zo, sannan ya koma da su, an rufe karɓar kaya. A nan dariya ta bar fuskar kowa. Shekara arba'in mutumin nan yana faɗin in Allah ya kai shi ɗakinsa, ga shi ni da gyaɗata zan hana shi. Na dubi Baba, idona ya cika. Ya juya yana neman wani a cikin jama'a, ya ɗaga murya.

"Ummaru."

Kawu na can ƙarshen benci. Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Tana nan bayan masallaci, Yaya. Na wanke ta tun jiya. Na ce ko da wani abu."

Baba da Inna suka shiga gaba tare da Kawu. Aka loda akwatuna a baya, sai aka ga igiyar ƙofa ba za ta riƙe su ba, dole wani ya zauna ya tare. Fasfo na hannuna, don haka ko shawara ba a yi ba. Aka kama ni aka ɗora. Haka na ratsa garin Sakkwato a bayan a-kori-kura, cikin leshi mai ruwan zuma, ƙafa ɗaya na tokare da akwati, hannu ɗaya na riƙe da ɗankwali. Kawu ya wanke mota da gaske, amma akwai warin da ya fi ƙarfin sabulu. (A wani shatale-tale muka tsaya daf da motar wani abokin aikina. Na juya fuska ina nazarin bango kamar an ba ni kwangilar fentinsa.)

Tara da minti biyar muka shiga filin jirgi, mota na tari. Ga Malam Bashiru can tsaye cikin kwat da wando a gefen wata doguwar mota mai sheƙi, yana riƙe da allo. Na so mu wuce kamar ba mu san shi ba, amma Baba ya nufe shi kai tsaye, ya ba shi hannu.

"Yaro, mi anka rubuta nan?"

"Sunanku na, Baba. An ce barka da zuwa."

Baba ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Shekarata saba'in, ba a taɓa rubuta sunana a allo an ɗaga ba." Sannan ya dubi ƙofar shiga, wadda ba ta fi taku hamsin ba daga inda muke, ya dubi motar. "Ɗiyata ta ɗauko muna mota. Ba mu barin ta haka nan. Buɗe mu shiga."

Na ce Baba lokaci. Ya ce minti ɗaya ba ya hana Makka. Malam Bashiru ya buɗe musu ƙofa, suka zauna a baya shi da Inna, aka ja su a hankali taku hamsin ɗin nan, ni da Kawu muna biye a ƙasa muna jan akwatuna. Da suka fito Inna ta ce sanyin ya yi mata yawa. Baba kuwa fuskarsa kamar an ba shi sarauta.

An karɓi kayansu saura 'yan mintoci a rufe. Da za su shige, na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini." Ya dafa kaina ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya sunkuyo ya ce, "Ranar da za mu dawo, ki sake yin wanga kuskure daidai yadda kinka yi shi. Kada ki gyara komi."

A waje Malam Bashiru ya ce ai tafiyar Gidan Igwai na nan a rubuce, in ina so ya kai ni. Na ba shi haƙuri a kan maganganun jiya, ya ce ba komai, ya saba. Na dubi motar mai sanyi, na dubi Kawu da ke can yana zuba wa tasa ruwa daga jarka. Na je na tsaya kusa da shi, na rasa ta inda zan fara.

"Kawu, maganar da na yi muku ran nan..."

"Shiga gaba, ɗiyata," ya ce, yana rufe murfin inji. "Mota ba ta riƙo. Sai dai ki ɗaga ƙahwa, akwai rami nan ƙasa."

Sun yi Umararsu lafiya sun dawo, kuma baƙar motar ce ta ɗauko su, don wannan karon sau huɗu na karanta takardar, na kuma sa ƙanwata ta karanta mini da ƙarfi.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. In mutum ya fara yi maka tambaya, bar shi ya kai aya, ƙila ramin da ke gabanka yake son nuna maka. In kuma har ka ƙudura sai ka kunyata wani a gaban jama'a, to ka fara jin bayaninsa a kunnenka kai kaɗai, don ita lasifika ba ta san mai waya ba.