Azarar Makarantarmu Ta Yi Ƙaura

Shekaranjiya da hantsi ina tsakiyar koya wa 'yan mata karatu a Tudun Wada, sai rufin ɗakin ya ga dama ya sauko ya zauna tare da mu. Allah ya tsare, babu wadda ta ji rauni, sai ɗalibata Lauratu da ta miƙe ja wur kamar an tono ta daga ramin tubali.

Ɗakin nan fa, jama'a, bana aka gama shi, a hannun Mai Girma Uban Gine-gine, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo. Ranar da Bature ya zo dubawa, bango ya sha farar ƙasa har yana kashe ido. Bature ya gyaɗa kai daga kan doki, ya wuce. Sai da rufin ya faɗo muka ga ashe kara ne da 'yan sanduna ke riƙe da shi.

Tun farko gida-gida na bi, na sha zagi da gori, kafin iyaye su ba ni 'ya'yansu. Ga shi Inna Saratu, uwar Lauratu, ta tare ni a ƙofa: "Malama, karatu na aike ta, ba kabari ba. Riƙe bokonki."

Na tafi wurin Mai Girma, na durƙusa a sabon zaurensa.

"Ranka ya daɗe, rufi ya faɗi."

"Damina ce, yarinya. Ruwa na Allah ne. Ƙararsa za ki kai?"

An hore ni kada in kalli babba cikin ido, sai na kalli sama. Azara ce a jere, kauri kamar cinyar bijimi. A jikinta ga "ba, bi, bu" da gawayi, rubutun yarana tun tana jibge a filin makaranta.

Yau da safe na jero 'yan matana da tabarminsu, muka shimfiɗa a zauren.

"Wannan kuma fa?"

"Azararmu muka biyo, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga kai, ya sauke, ya shige cikin gida. Can sai ga Inna Saratu ta leƙo. Ta daɗe tana duban rufin, sannan ta turo Lauratu ciki.

Kada wanda ya ƙara ce mini Mai Girma bai iya gini ba. Ya iya ƙwarai, wurin ne kawai ke ɓace masa.