Ma'aunin Taga a Bakin Randar Dije

Ranar da nake faɗi, ruwa ya kwana uku yana zuba a Sakkwato, sannan rana ta fito da gumi, har gishiri ya jiƙe cikin ƙoƙo. Lokacin Nasara bai daɗe da zama ba. Ƙanena Mode kafinta ne a Ƙofar Taramniya. Wani Bature ya zana mashi siffar taga mai baka a jikin katakon akwatin shayi, irin mai falle uku a manne, aka yanke katakon daidai da zanen, ya ce a yi tagogi shida irinta, ya tafi rangadi. Gidan da za a sa su yana can tafiyar kwana uku, katakon nan kaɗai ne ma'auni. Zafin bazara na tsaga itace a rumfar Mode, sai ya kai katakon ajiya wurin Dije, ɗiyar kawunmu, taubashiyarsa. Da itacen aiki ya iso cikin damina, saura kwana biyar Bature ya dawo, na raka shi karɓowa.

"...lahiya lau, bawana," in ji Dije tana duban Mode. "Ka zaka shara ko cin tuwo?"

"Tuwonki da ko akuya ke sunsunawa ta wuce? Ina ajiyata?"

"Ga ta can, tana aikin da ya hi naka."

Muka duba. Ga ma'aunin a bakin randa, ya kumbura, ya lanƙwashe kamar akushi, falle-fallen sun rabu.

"Innalillahi! Dije, murhin randa kinka yi da shi?"

"Mi kac ce man? Wuri mai sanyi, inda rana ba ta kai. Duk Sakkwato ka nuna man inda yah hi bakin randata sanyi."

"Sanyi nic ce, ban ce ruwa ba!"

"To laihin wa? Iccen kirki na shan damina goma bai motsa ba. Wanga na Nasara raɓa kaɗai yaj ji, yas saki jiki. Da kai ya yi kama."

"Ke, aikin nan in ya kuɓuce man, gidanki zan tare."

"Bawa dai ya komo gida. Kuma biyana za ka yi, don ɓarnar da yay yi man. Shigo ka gani."

Ta ɗaga tabarma. Ashe ranar da take daɓen ɗakinta, ta durƙusa a kan katakon don kada gwiwarta ta ɓata ɗanyar ƙasa, nauyinta ya nutsar da shi. Daɓe ya bushe kamar dutse, da siffar taga a ciki, har bakan, ba inda ya gauce.

Mode ya tsuguna yana shafawa.

"Wata biyu ina zaginka duk sa'ad da nit taka wurin ga," ta ce.

"Allah shi ƙara maki ƙiba, Dije."

"Sake hwaɗi. Wa ta uwargijiya?"

Ya fashe da dariya har da hawaye. "Ke ta. Kin ci. Riƙe katakon, na ba ki."

"Kyautar abin da ya lalace? Kawo goro, in ba haka ba gobe in sake daɓe."

Ya juye mata duk na aljihunsa. A ɗakinta ya ɗauki awo, tagogi shida suka shiga daidai.

Katakon yana nan har yau a bakin randar, jikokin Dije ke ɗaga shi su sha ruwa.